Jirgin da Dogo ya nutsar

Direba bai san komai game da ruwa ba, in ban da wanda ake ɗura wa lagireto. Shekara da shekaru yana jan babbar mota, har ranar da mai ita ya sayar ya sallame shi da fatan alheri. Sai ya tattara ɗan abin da ya rage masa, matarsa ta sayar da keken ɗinkinta ta cika, ya sayi wani tsohon jirgin katako da ya daɗe a kife bayan rumfar mai walda, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Araha ce ta ja shi, ita kuwa araha ba ta ado. Amma iyakar abin da ya mallaka ke nan, in jirgin bai fara fito da mutane zuwa ƙetare ba, tukunya ba za ta hau wuta a gidansa ba.

Yayan matarsa, wanda kowa ke kira Dogo, masunci ne tun yana ƙarami, shi aka shirya zai riƙa tuƙa jirgin kafin Direba ya koya. Su biyun dama ba sa ga maciji. Dogo mutum ne mai rowar magana, in kuwa ya buɗe baki to baƙa ce za ta fito. Ranar da aka turo jirgin bakin ruwa ya zagaya shi, ya zura yatsa tsakanin katakai biyu har ya leƙo ta ciki, ya ce, "Kwando ka sayo, Direba. Bar min shi." Mutane suka kwashe da dariya. Direba ya haɗiye maganar, amma ta tsaya masa a rai.

Washegari da hantsi ya iso riƙe da gwangwanin fenti, babu jirgi. Igiya ce kawai ɗaure a turke, ta miƙe ta shige ruwa. Ya matsa ya leƙa. Ga jirginsa can kwance a ƙasa, maƙare da duwatsu, ƙananan kifaye na shiga suna fita. Wata mai wanki ta ce, "Surukinka ne ya loda masa duwatsun jiya da yamma. Da idona na gani."

Dogo na zaune a rumfa yana gyaran taru.

"Yaya, kai ka nutsar min da jirgi?"

"Ni ne," in ji Dogo, ko ɗagowa bai yi ba. "Sai aka yi yaya?"

Direba ya wurga masa gwangwanin, ya same shi a goshi. Murfin ya fice, shuɗin fenti da jini suka gangaro masa tare. Dogo ya miƙe ya ɗura wa Direba kai a baki, ya ɗaga shi cak ya maka cikin robobin masu kifi. Mata suka watse da ihu. Suka yi ta birgima a caɓi da ɓawon kifi, naushi, cizo, shaƙa, har Dogo ya danne shi da gwiwa a ƙirji yana haki. "Tsaya ka ji, mahaukaci!"

Ina! Wanda zuciya ta ɗiba ba shi da kunne. Direba ya damƙo yashi ya watsa masa a ido, ya zame, hannunsa ya faɗa kan filafili, wato itacen tuƙin jirgi. Bugun farko a kafaɗa. Na biyu kai ya nufa, Dogo ya tare da hannun dama, aka ji ƙas kamar an karya busasshen reshe. Na uku shi ne na mugunta, don mutumin ya riga ya faɗi, hannun na dafe da ƙasa, Direba ya sauke masa itacen a kan yatsu da dukan ƙarfinsa. Sai da maza suka taru a kansa kafin suka ƙwace.

Wani tsohon kafinta mai gyaran jirage ya ratso taron ya zabga wa Direba mari. "Kai wane irin jaki ne? Jirgin da ya bushe a tudu, ai nutsar da shi ake yi katako ya sha ruwa ya kumbura, tsagar ta rufe. Gyara maka yake yi!"

Jikin Direba ya mutu. Ya dubi Dogo da ake tallabawa, yatsunsa sun karkace kowanne ya kama gabansa, kunya da tsoro suka rufe shi. Matarsa ta iso a guje, ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta bi bayan yayanta.

Bayan 'yan kwanaki masunta suka kwashe duwatsun, suka kwarfe ruwan, jirgi ya taso. A lokacin kowa ya ji abin da likita ya faɗa, cewa yatsun nan ba za su sake riƙe komai ba. Dogo ya zo da hannu rataye a wuya. Direba ya durƙusa, ya ce, "Yaya..." Dogo bai kula shi ba. Ya shiga jirgin, ya bi haɗin katakan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da hagu, ya duba tafinsa, ya gan shi a bushe.

"Ya kama," in ji shi. "Sai ka nemi mai tuƙa maka."