Mabuɗin Birni

Malam ya koyar da tarihi har gashinsa ya yi fari, kuma bai taɓa yarda yaro ya haddace yaƙi daga littafi ba. Tsohon ƙyaure ya samu, ya kwantar a kan benci biyu, ya zana birni mai ganuwa da kogi da rijiyoyi. Marafan kwalbar lemo su ne sojoji: jajaye mahaya, koraye dakarun ƙasa. A jefa ƙwayar ludo, a matsa. Ɓangare ɗaya ya tsare birni, ɗaya ya kewaye shi, kamar yadda aka yi a wani yaƙi na zamanin kakanni. Yaro ya buga sau biyu, wallahi ya fi wanda ya kwana haddar shekaru sanin abin da ke kayar da birni.

Sai dai wasan yana da doka: wanda aka ci zai durƙusa, ya miƙa wani mabuɗi mai tsatsa da hannu biyu, ya ce, "Ga birni." Ba wanda ya sha wannan durƙuso kamar babban ɗan Malam, wanda ake wa laƙabi da Gaggawa, don kullum sai ya afka wa ganuwa a karkashe masa sojoji.

"Sakarai ne ke hawa ganuwa," Malam zai ce a gaban ɗalibai, su kuwa suna ta ƙyaƙyatawa. "Tare hanya, toshe rijiya, raba shi da abokansa, ka zauna. Goge hawayen nan, ɗaga murya!"

Gaggawa ya girma ya zama mai walda, riƙon gida ya dawo hannunsa. Sai ya nemi ɗakin gaba, mai taga a bakin titi, wai zai yi shago. Nan fa ƙyauren yake, nan tsofaffin ɗalibai ke taruwa da la'asar. Ɗakin baya da ya yi wa uban tayi kuwa, ko gado da ƙyar.

"Sai dai a fitar da gawata," in ji Malam.

"To, Baba." Bai sake tayar da maganar ba.

Aka kafa ƙofar ƙarfe a bakin gida, wai saboda ɓarayi. Masu zuwa wasa su ƙwanƙwasa, a leƙo a ce Baba na hutawa, likita ya hana shi hayaniya. Tun suna dawowa har suka gaji. Aka girke injin walda a ƙarƙashin tagar, dole Malam ya rufe ta. Jikoki aka ce kada su dami Kaka. Ƙanwar Malam, wadda ya tabbata tana bayansa, ta zo gaisuwa sanye da sabon mayafi tana cewa, "Yaya, ai ɗakin baya ya fi sanyi."

Kaɗaici ya ci Malam ƙwarai. Ya kai har yana jera marafai yana jefa wa kansa ƙwaya, abin tausayi.

Ran nan da hantsi Gaggawa ya yi sallama, ya ja kujera. "Baba, mu buga?"

Murna ta kama tsohon. Ya ɗauki birni. Yana jira yaron ya afko kamar da, ina! Gaggawa ya ajiye mahaya a mashigar kogi, ya ɗora murfi a kan kowace rijiya, ya harɗe hannu. Malam na jefa ƙwaya, yana kwashe sojojinsa ɗaya bayan ɗaya saboda ƙishirwa. Can ya ɗaga kai ya dubi rufaffiyar tagar, ya dubi bencin da ba kowa, sai gabansa ya faɗi.

"Ashe kana ji," ya ce a hankali.

"Ba abin da ya wuce ni, Baba. Saura doka."

Gwiwoyin tsohon suka yi ƙara kafin su kai ƙasa. Ya miƙa mabuɗin mai tsatsa da hannu biyu. "Ga birni."

"Ban ji ba. Ɗaga murya."

Ya ɗaga. Gaggawa ya karɓa, ya jujjuya shi, ya jefa cikin marafai. Bai janye hannunsa ba.

"Ba wannan ba, Baba. Na ɗakin."