Wayar da Ta Bi Ta Kan Katanga

Sakinatu tana matse tsumma cikin ruwan zafi ihun ya sake tashi daga ƙofar kantin Anayo.

"Kailani! Kailani namu na Tudun Wada!"

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ci gaba da gasa ƙafar Nagoda, maƙwabcinsu, kamar yadda take yi kullum in ta taso daga koyarwa a makarantar 'yan mata, yau shekara biyu ke nan. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi, ga wari. Asibiti sun ce sai dai a yanke, shi kuwa ya ce da ƙafarsa zai koma ga Ubangijinsa.

Da can duk Zariya ba wanda ya kai Nagoda iya ƙwallo, kuma ba ya sa takalmi. Ranar da wata babbar ƙungiya ta zo ɗaukar ɗan wasa guda, sai Kailani, abokinsa tun suna yara, ya shigo fili da takalmi mai ƙusoshi, ya sauke masa shi a ƙauri. Unguwa ta ce tsautsayi ne. Sakinatu tana bakin fili ranar, ta ga inda idon Kailani yake kallo, kuma ba ƙwallo yake kallo ba.

Yau ake wasan ƙarshe na Kofin Gwamna a Ikko, da Kailani a ciki. Akwatin rediyo ɗaya ne a layin, na Anayo ɗan kasuwa, irin wanda ake jawo masa magana ta waya. Wayar kuwa ta kan katangar da ke tsakanin gidan su Sakinatu da na su Nagoda ta bi. Maza sun cika titi, Anayo na kan benci yana juya musu Turancin zuwa Hausa.

Gwaggo Ishatu, mahaifiyar Nagoda, ta ce, "Tun safe ko ruwa ba ya wucewa."

Sakinatu ta ce, "Wani ya leƙo shi?"

"Suna da abin yi, 'yar nan."

Sakinatu ta ajiye tsumman. Ta fita tsakar gida, ta kifa turmi, ta ɗaure gyale a ƙugu ta hau. Akwai inda wayar ta taɓa tsinkewa da damina aka murɗe bakunan. Ta warware su. Ɗif, rediyo ya ɗauke.

"Anayo, akwatinka ya mutu!"

"Kai, bar dukansa, ba jakin ubanka ba ne!"

Ta koma ɗaki zuciyarta fari ƙal. Sai ta tarar Nagoda ya buɗe ido.

"Malama, an tashi ne?"

"Ba a tashi ba. Ni na rufe musu baki."

"Je ki mayar."

"Yaya Nagoda, mutumin da ya kwantar da kai ake wa kirari a ƙofar gidanku!"

"Na san wanda ya kwantar da ni." Ya daɗe yana neman numfashi. "Ba shi nake saurare ba. In Anayo ya ce an bugo ƙwallo, ina ganin inda za ta sauka. Ki bar ni in gani."

Ta dube shi, ta dubi Gwaggo, ta fita ta sake hawa turmin.

Da ta zo murɗawa sai bakin wayar ya karye, tsatsa ta cinye shi. Abin da ya rage bai isa ƙulli ba. Dole ta ja su da ƙarfi, ta haɗa, ta danne da yatsu. Nan take muryar mai sharhi ta dawo, titi ya kaure da sowa.

Haka ta tsaya kan turmi, hannu a sama, ranar la'asar na dukan ƙeyarta. Wayar ta shiga naman yatsanta, kafaɗa ta sage, tururuwa na bin damtsenta. Ta kan katanga tana ganinsu duka, har da waɗanda suka sha ɗaukar Nagoda a wuya suna zagaya fili da shi. Ba wanda ya ɗaga kai. Tana jin Turancin kafin Anayo ya fassara, don haka duk yabon da aka yi wa Kailani sau biyu take sha. Ta cije leɓe, ba ta saki ba.

Can sai ta ji muryar Gwaggo daga ɗaki, ƙasa-ƙasa: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sakinatu ta rufe ido, ta maimaita. Yatsunta na nan a danne. Ta jira.

Ba a jima ba muryar mai sharhi ta hau sama. Anayo ya yi tsalle a kan benci.

"Kailani ne! Ya wuce ɗaya! Ya wuce biyu! Saura mai tsaron gida! Ya ɗaga ƙafa…"

Ta buɗe yatsunta.

Maza suka sandare a tsaye, baki buɗe. Wani ya ce, "Ya ci ko bai ci ba?"

Cikin shirun nan sai kukan Gwaggo Ishatu ya tsallako katanga ya sauka a titi. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, suna kallon ƙofar da suka shekara biyu suna wucewa.

Sakinatu ta sauko, ta ɗauko kwanon ruwan da ya riga ya huce, ta zubar a gindin katanga. A samanta bakunan wayar biyu suna ta lilo, ba su taɓa juna ba.