Kwaɗon da Umma Ta Zaɓa

Ƙarar babur ce ta sa Umma ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki. Ta miƙe da ƙyar, hannu dafe da gwiwa, ta leƙa ta taga. Mai babur ya wuce abinsa.

"Ba shi ba ne," in ji ta.

Babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya, tana bakin ƙofa tana cire takalmi, dawowarta ke nan daga shagon maganin da take wuni a tsaye. Tun makon jiya Umma ke jiran ɗan injin lantarkin da ake ɗaura wa keke, wanda ta saya ta waya, aka ce mai babur ne zai kawo. Likita ya ce in ba ta daina taka keke ba, gwiwar nan sai ta zaunar da ita. Keken kuwa shi ne cinsu, shi ne hayarsu.

"Umma, ba ni wayar in ga shafin."

"Ke da kullum a gajiye? Sha ruwa tukuna."

Maganar ta soki Yaya. Ranar sayen, Umma ta roƙe ta ta zauna kusa da ita. Ita kuwa tana kwance, ƙafafu jingine da bango, ko ido ba ta buɗe ba ta ce, "Ki duba alamar kwaɗon kulle ƙofa kawai. In akwai shi, lambar katin bankinki a kulle take tafiya, ba mai leƙa ta a hanya." Barci ya ɗauke ta.

Yanzu ga shafin a hannunta. A tsakiyarsa wani ƙaton kwaɗo ne ruwan zinariya, sai walƙiya yake. Ta kai ido can sama, wurin adireshi. Babu komai sai alamar gargaɗi.

"Wannan kwaɗon kika gani?"

"Shi mana! Na fara shiga wani shagon, nasu ɗan mitsitsi can sama a lungu, kamar na akwatin 'yar tsana. Na ce ni za a yi wa wayo? Wannan ai da farce ɓarawo zai ɓalle shi. Sai na samo wannan. Dubi jikinsa, irin na ƙofar shago."

"Umma..." in ji Yaya. "Ƙaramin shi ne na gaske, wayar ce da kanta take sa shi. Wannan hoto ne. Kowa ma zai iya manna shi."

Umma ta karɓi wayar, ta sake duba kwaɗon.

"Wato zane ne."

"Zane ne."

"Ke kika ce kwaɗo. Ba ki ce wanne ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

* * *

A banki layin masu irin kukansu ya kai bakin ƙofa: wani tsoho da sanda, wata mai goyo, duk kowa ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi satar. Ma'aikacin ya danna na'urarsa, ya yi hamma.

"Sun kwashe har abin da ya rage. Da hannunki kika ba su lambar, Mama. Za dai mu rufe katin."

A hanya Umma ta riƙo hannun 'yarta, ta jingina mata nauyinta.

"Kar maƙwabta su ji. Cewa za su yi tsohuwa ta yi rawar kai."

"Laifina ne, Umma."

"Ke dai tafi a hankali, ƙafar nan."

* * *

Da la'asar Yaya ta ɗaure mata gwiwar da ƙyallen da ya rage daga rigar wata. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta zura mata zare a allura, ko da yake ba a roƙe ta ba. Keken ya ɗauki kukansa.

Can sai ga ƙarar babur a bakin layi. Ƙafar Umma ta tsaya cak. Ba ta kalli taga ba, ba ta kalli 'yarta ba. Ta jira har ƙarar ta ɓace, sannan ta cije leɓe ta ci gaba da takawa.