Kwat Mai Ɗaukar Tsuguno

Ƙarfe goma na safe ta ɗan gota. Ruwan da aka wayi gari da shi ya ɗauke, amma rana ba ta fito ba, garin ya yi luf, ƙasa sai ƙamshi take. Hudu ya ajiye keke-napep ɗin da yake ja a gindin darbejiya a bakin kasuwa, suka shige layin 'yan gwanjo shi da Abdulaziz suna tsallake taɓo.

Shekara shida ke nan Hudu yana jan keken wani, daga Kagarawal zuwa cikin gari. Lasisin mota kuwa yana da shi tun tuni, yana nan a leda a ƙasan akwati. Sai a makon nan wani kamfanin sayar da iri da taki ya turo masa saƙo a waya, wai ya zo intabiyu ranar Talata, direban manaja suke nema. A ƙarshen saƙon akwai wata kalmar Turanci da ta gagare shi. Abdulaziz, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, shi ne ya yi boko mai nisa. Ya karanta ya ce ma'anarta a zo cikin kwat. Hudu kuwa tun da aka haife shi bai taɓa zura hannu a kwat ba.

"Kai dai ka yi shiru, bawana, ni zan zaɓa," in ji Abdulaziz. "In aka bar ka, da labulen falo za ka koma gida."

"To, ranka ya daɗe," Hudu ya ce yana murmushi.

Rumfar da suka nufa ta wani dattijo ce, Dennis, mutumin Kaltungo. Kwat-kwat ne rataye har rufi, suna warin dilar gwanjo. Dattijon yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Hudu ya ɗan tsuguna ya gaishe shi kamar yadda ya saba yi wa duk wanda ya girme shi. Dennis ya amsa, ya bi shi da kallo har ya miƙe.

Abdulaziz bai ɓata lokaci ba. Ya zaro wata shuɗiya mai ƙyalli, siririya, mai maɓalli ɗaya, da wandonta.

"Ka ga wannan? Silim fit ke nan. Kana shiga za su ɗauka kai ne manajan."

Aka ja wani zani a lungun rumfar, Hudu ya shiga ya sa. Da ƙyar wandon ya wuce cinya. Da ya fito aka jingina masa wani fasasshen madubi, ya duba, sai ya ga wani mutum daban, mai kafaɗa, mai kama da waɗanda yakan sauke a ƙofar banki. Abin ya burge shi, ba ƙarya. Abdulaziz ya zagaya shi yana ɗaukar hoto.

"Shi ke nan, an gama. Baba Dennis, a naɗe mana."

Dennis ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Wane aiki ne, ɗana?"

"Tuƙi, Baba. Direban manaja."

"To, gaishe ni."

Hudu ya dube shi. "Ai na gaishe ka, Baba."

"A cikin kwat ba ka gaishe ni ba. Yi yadda ka yi ɗazu."

Hudu ya fara sunkuyawa. Bai kai rabi ba ya ji ɗinkin bayan wandon ya yi wata 'yar ƙara, ƙiiit. Ya tsaya cak a haka, shi ba tsaye ba, shi ba tsugune ba. Abdulaziz ya riƙe ciki yana dariya.

"Wa ya ce maka ana tsuguno a ofis? Hannu za ka ba su, kamar mutum."

"Shekarata ashirin ina sayar wa 'yan garin nan kwat," Dennis ya ce. "Irin wannan yaron, ko ka kwana kana koya masa, yana ganin furfura gwiwarsa za ta lanƙwashe da kanta. Akwai wanda ya dawo mini riƙe da baya, ya ɗaura rigar wani a ƙugu. Kuma azahar a can za ta same ku. Da wannan wandon za ka yi sujada?"

Ya ja wata kujerar roba tsakiyar rumfa, ya ɗauko murfin bokiti ya miƙa wa Hudu.

"Zauna. Ga sitiyari. Ja mu zuwa Nasarawo."

Hudu ya zauna yana jin kunya, don mai rumfar kusa ya leƙo. Ya miƙa hannu biyu da murfin, hannun kwat ɗin ya tattare har kusan gwiwar hannu, hammata ta ɗaure shi.

"Yanzu yi ribas. Waiwaya."

Ya yi ƙoƙari. Wuyansa ya juya, kafaɗa ta ƙi.

"Ka taka akuya," in ji Dennis. "Sauko."

Ya sa wata doguwar sanda mai ƙugiya ya sauko da wata daga can sama. Launin toka ce mai duhu, ba ƙyalli, maɓalli biyu. Hudu ya sa ta da wandonta. Ya tsuguna har ƙasa, ɗinki bai yi ƙara ba. Ya zauna ya murza murfin bokiti hagu da dama, ya waiwaya ya ga bayan rumfa sarai. Sai dai hannun ya ɗan yi tsawo, ya rufe masa rabin tafi.

Abdulaziz ya yamutsa fuska. "Wannan ai ta fasto ce."

"Fastonmu ya fi ka iya gayu," Dennis ya ce. "Hannu kuwa ga tela can, kafin ku sha ruwa ya rage shi."

"Hudu, ka saurare ni. Mutanen nan da ido suke ɗaukar ma'aikaci. Minti ɗaya na farko shi ne komai. Ka shiga da wannan su ce tsoho ne ya zo."

Hudu bai iya musu ba, ko da wasa. Ya tsaya tsakanin shuɗiyar da ke rataye a ƙusa da wadda ke jikinsa. Ya sake kallon shuɗiyar, ya daɗe. Ya tuna zafin injin keke a ƙafarsa da tsakar rana, da yadda ruwa ke feso shi ta gefe duk damina. Wannan kiran shi ne na farko da aka taɓa yi masa, bai san ko za a sake ba.

"Aziz," ya ce a hankali, "ni dai ina ganin makulli za su ba ni su ce in ja su gani. In na kasa waiwaya fa?"

Abdulaziz ya ɗaga kafaɗa. "Kai ka sani. Amma in an tambaye ka, kar ka ce ni na raka ka."

Aka yi cinikin mai launin tokar, suka wuce wurin tela.

Ranar Talata da hantsi Hudu ya isa kamfanin. Mutum bakwai ya tarar a kan dogon benci a baranda, kowa da kwat ɗinsa da ambulan a hannu, ba mai yi wa wani magana. Ya yi sallama, ya tsuguna ya gaida wani mai furfura a gefen benci, wanda kwat ɗinsa ta koɗe a gwiwar hannu, da gani tsohon direba ne. Mutumin ya matsa masa ya zauna.

Wata mata ta riƙa leƙowa tana kiran suna. Biyu suka shiga suka fito, aka nufi da su wajen wata farar mota a tsakar gida. Can ta leƙo ta ce, "Hudu Adamu."

Ya miƙe zumbur. Sai ya ji an riƙe masa gefen kwat.

"Tsaya. Juya baya," in ji mai furfurar.

Ashe tsagar da ke bayan kwat ɗin a ɗinke take da wani farin zare, irin wanda ake kama ta da shi tun daga inda aka ɗinka ta, ya fito ɓaro-ɓaro a kan toka. Mutumin ya ciro abin yankan farce a jikin makullansa, ya tsinke zaren, ya zare shi, ya ja gindin kwat ɗin ya daidaita.

"Hudu Adamu," matar ta sake kira, ta riƙe ƙofa.

Hudu ya wuce da sauri, ƙofa ta rufe a bayansa. Mai furfurar ya hure zaren daga yatsansa, ya mayar da makullan aljihu, ya gyara zama yana jiran nasa sunan.