Talatin da Huɗu

Matar Siriri ta shimfiɗa wanduna biyu a kan teburin yanka, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasan ya leƙo ta kowane gefe da faɗin tafin hannu.

"Yaya, duka ɗinkinka ne," ta ce wa Tela. "Na saman na shekarar aurenmu ne, na ƙasan na watan jiya. Shi kuwa yana rantsuwa awonsa bai taɓa canzawa ba."

Tela ya kashe keken ɗinki. Mijin nata direban motar haya ne mai dogon zango, kuma aminin Tela tun ƙuruciya. Sunan Siriri ya samo shi lokacin da iska ke iya kaɗa shi. Sunan ya zauna, jikin ne ya yi gaba. Shekara ashirin yana bayan sitiyari, soyayyen nama a takarda, lemon kwalba tsakanin cinyoyi, kowace tasha da abin da yake taunawa. In ya kawo yadi sai ya jefa a tebur ya ce, "Na kullum, talatin da huɗu." Tela ya dube shi da wutsiyar ido, ya ƙara inci ɗaya ko biyu, bai ce uffan ba. Haka ubangidansa ya koya masa: wanda ka gaya wa ya yi teɓa ba ya dawowa shagonka.

"Likita ya ce in bai rage jiki ba, zuciyar ba za ta ɗauke shi shekara biyu ba," in ji matar. "Ka san amsar da ya bayar? Wai a je a tambayi telansa."

"To, ni na sa masa abinci a baki?"

"Ko ni mai dafawa ban sa masa ba. Amma kai ne shaidarsa. Ka ɗinka masa talatin da huɗu na gaskiya, sau ɗaya tak. Wataƙila abin da kunne ya ƙi, ƙugu ya ji."

Wallahi abin ya yi wa Tela ciwo. Bai taɓa sa almakashi a yadi mai kyau yana sane ba zai shiga jikin mai shi ba. Amma ya auna sau biyu, ya ja alli, ya yanka daidai kan lamba.

Bayan kwana uku Siriri ya zo. Matakala uku ce a ƙofar shagon, ya hau su yana haki, ya dafa bango.

"Tsohon banza, ka gama ko sai na kai ƙara?"

"Ga shi nan. Shiga ka gwada."

"Yau kuma? Ni da ban taɓa gwaji ba?"

"Sabon yayi ne."

Ya shige bayan labule. Tela ya zauna yana jin ƙarar bel, sai nishi, sai dirin ƙafa ɗaya a kan siminti.

Siriri ya fito sanye da tsohon wandonsa, sabon a hannu, gumi na bin wuyansa.

"Idonka ya fara tafiya ke nan, mutumina? A cinya ya tsaya."

Tela ya zare tef daga wuyansa ya miƙa masa. "Auna wandon. In ka gama, ka auna kanka."

Siriri ya dubi tef ɗin, bai karɓa ba. Ya ja benci ya zauna, bencin ya yi ƙara. Ya daɗe yana murza bakin wandon da yatsa.

"Ita ta zo, ko?"

"Ta zo. Tsoro take ji. Ni ma haka."

"Na san za ta zo." Ya share gumi da gefen hannu. "Kana tsammanin ban san ramuka nawa na huda a bel ɗina ba? Ni na matsar da kujerar mota baya har ta ƙure."

"To, me ya sa kake kafa ni shaida?"

"Kowa yana faɗa mini. A gida, a tasha, a asibiti. Nan kaɗai nake shigowa in fita ina Siriri."

A waje wani mai mota yana ta danna ham.

"Akwai ragowar yadin?" Siriri ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Akwai."

"To ka ƙara."

"Nawa zan ƙara?"

"Kai ka sani. Kada dai ka faɗa mini."

Ya miƙe da ƙyar, ya sauka matakalar ɗaya bayan ɗaya yana riƙe da ƙyauren. Tela ya bi shi da ido har ya tsallaka titi. Sannan ya juya wandon ciki waje, ya ɗauki reza, ya fara farke ɗinkin.