'Yar Ciyaman a Benci na Baya

Shekarar da aka zaɓe shi shugaban hukumar makarantun gwamnati, Ciyaman ya cire autarsa daga makarantar kuɗi ya kai ta ta gwamnati. Yayyenta sun riga sun gama, sun tsallake rijiya da baya. Ita ce tsautsayi ya faɗa wa.

A gaskiya mutumin ya iya baki. Ya yi faɗa a kan rufin azuzuwa, ya yi a kan kujeru, wani lokacin har ya ci nasara. Amma babban makaminsa Auta ce. Duk taron iyaye sai ya kira ta kan dandamali cikin kayan makaranta, ya dafa kanta ya ce, "Ga tawa nan. Inda naku suke zama, nan take zama." Sai tafi ya ɓarke. Ita kuwa ta koma bencinta na baya, inda ko allo ba a gani sosai saboda kawuna.

A ajin ƙarshe malamin lissafi ya bar aiki, ba a kawo wani ba. Auta tana son karatun likita kamar ranta, ta kuma san babu lissafi babu zancen. Ta sami mahaifinta a falo yana goge takalmi.

"Baba, ko malamin gida a ɗaukar mini. Ba sai kowa ya sani ba."

"Kowa zai sani," in ji shi. "Direba ma ya isa ya kai labari."

Uwarta ta sa baki: "Haba, yarinyar nan fa taka ce, ba ta hukuma ba."

"Shi ya sa nake da iko da ita."

Sakamako ya fito, Auta ta faɗi lissafi warwas. Ta kulle kanta a ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dishe. Uban bai yi faɗa ba. Abin da ya fi ba da haushi ke nan: har da fara'arsa.

Ana gab da sabon zaɓen hukuma ya sa aka goge mata kayan makaranta. Zauren taro ya cika maƙil. Ya kira ta, ta hau tana kallon ƙafafunta.

"Jama'a, 'yata ta faɗi jarrabawa," ya ce, muryarsa na rawa daidai inda ya kamata. "Ba daƙiƙiya ba ce, malami ne babu. Kuma ba zan gudu da ita ba. Za ta maimaita ajin nan tare da naku har sai an kawo malami."

A nan Auta ta fara jin zancen maimaitawa. Iyaye suka miƙe tsaye, wata tsohuwa har da hawaye.

A mota, hanyar gida, ta daure ta tambaya, "Baba, yaushe za a kawo malamin?"

Yana duba hotunan taron a waya, bai juyo ba.

"Za a duba," ya ce. "Amma nan gaba ki riƙa ɗaga kai. Ko ɗaya fuskarki ba ta fito ba."