Jan Barkono a Ƙofar Gidanmu

Ni na murɗa igiyar nan da hannuna, kada wani ya ɗora wa Okbun laifin ita kaɗai. Surukata ce, matar ɗana Chilsong, wanda Japanawa suka kwasa zuwa ramin kwal tun shekara biyu kafin nan. Ni da ita muke kai wa mayaƙanmu na kan dutse gishiri da saƙo. Mu ɗinke takarda cikin audugar rigar sanyi, mu wuce ta gaban 'yan sanda da kwandon wanki a ka. Wa zai tsaya cajin tsohuwa mai baƙin baki irina?

Ran nan mai tallar allura, wadda take kawo mana saƙon, ta shigo da wani mayaƙi kwance ƙarƙashin kabeji a amalanke, harsashi a cinya, jiki zafi rau. Ta ce mako uku kawai, za a zo a ɗauke shi. Mako uku, a gida mai ɗaki biyu, ga Pyo, ɗan garinmu da ya sa hular ɗan sandan Japanawa, kullum hancinsa na cikin tukwanen mutane. In ya gan shi, mu uku za a rataye.

Na shiga, na fita, na ɗauki tsintsiya na ajiye. Sai Okbun ta ce, "Inna, mu rataya igiyar haihuwa."

Ai kowa ya san in aka ga igiyar ciyawa da jan barkono a ƙofa, alamar an haifi namiji a gidan, ko mahaukaci ba ya ƙetarewa sai an cika kwana ashirin da ɗaya.

Na ce, "Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa? Mijinki shekara biyu ba ya nan. Garin nan sun iya lissafin wata."

"Shi ya sa za su yarda, Inna. Wace mace ce za ta yi wa kanta irin wannan ƙaryar?"

Kafin rana ta faɗi magana ta zaga gari. Wai dama sun lura da yadda take ɗaure siket tun daga ƙirji. Maƙaryatan banza. A bakin rafi mata suka riƙa janye kwandunansu daga kusa da nawa, ni kuwa ina wankin tsummokin jinin mutumin a gabansu, ina tsine wa Okbun da ƙarfi don su ji. In na koma gida in kasa haɗa ido da ita.

Pyo kullum sai ya zo ya tsaya daga bayan igiya, yana miƙa wuya.

"Iya, jaririn naku ba ya kuka ne?"

"Bakwaini ne. Kai da ka zo duniya da ihu, me ka tsinana?"

Ya yi dariya ya tafi, amma na san bai gamsu ba. Abinci ya daina shiga cikina. Kare ya yi haushi, in zabura. Mutumin ya yi nishi, in hau buga wanki da sanda don kada a ji, har kafaɗata ta sage.

A kwana na goma sha shida, da hantsi, ina shanya, na hango Pyo tafe da wani ramamme mai ƙunshi a baya. Tafiyar na fara ganewa kafin fuskar. Chilsong ne. An sallamo shi, hannun dama babu yatsu uku.

Ya tsaya a ƙofar gidan ubansa yana kallon barkonon. Pyo ya jingina da katanga, ya kunna taba, idonsa a kaina.

"Inna," in ji Chilsong, "abin da na ji a tasha, gaskiya ne?"

Taku biyar ne tsakaninmu. Na so in ruga in kama hannun nan, in ce masa matarka ta fi duk matan garin nan. Amma in ya shiga, Pyo zai bi bayansa, in kuma na yi masa raɗa, fuskarsa za ta tona mu, don tun yana yaro bai iya ɓoye komai ba.

Na ce, "Gaskiya ne. Namiji."

"Na wa?"

"Ta ƙi faɗa."

A nan ne Okbun, daga cikin ɗaki, ta fara rera waƙar rarrashin jariri, a hankali, muryarta ko rawa ba ta yi. Na san tana ganinsa ta hujin takardar da aka manna wa ƙofar ɗakin.

Pyo ya tofar da yawu. Ya gamsu.

Chilsong ya saurara har ta kai ƙarshe. Ya gyara ƙunshinsa da hannun hagu, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa ya yi mini gaisuwar bankwana, ya kama hanyar tasha. Ban kira shi ba.

Bayan kwana biyar aka zo aka ɗauki mutumin, ya tafi da ƙafarsa. Muka ce jaririn ya rasu, muka naɗe duwatsu a tsumma muka binne a bayan gari. Da yaƙi ya ƙare na bi ramukan kwal da tashoshin jirgi ina cigiyar mai yatsu biyu a hannun dama, Okbun na biye da ni da ƙunshin shinkafa. Ba wanda ya taɓa ganinsa.